Wane akwatin kwamfuta ne zai ɗauki katin hoto biyu da sanyaya ta ruwa?

MaiZane3D
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa haɗa kwamfuta mai sanyaya ta ruwa da hannunsu. Ina da katin hoto RTX 3090 guda biyu da furosesa Ryzen 9 7950X. Aikina fitar da zane ne a Blender, manhajar zanen 3D, sai gwajin manhajojin AI da nake yi idan na samu sarari. Yanzu katunan suna cikin matsakaicin akwati, ɗaya bisa ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ko yatsa ba ya shiga. Na saman shi ke shan wuya, domin bakin fankokinsa a toshe yake, ɗan abin da yake shaƙa kuma zafin na ƙasa ne. Memorinsa yana haura digiri 100, ƙarar fanka kuwa har ta hana a yi waya a ɗakin.

Na ƙudura zan koma ruwa gaba ɗaya, kati biyu da furosesa a layi guda. Akwati uku nake dubawa: Lian Li O11 Dynamic XL, Phanteks Enthoo Pro 2, da Fractal Define 7 XL. Wataƙila nan gaba in ƙara kati na uku. Wanne ne zai fi dacewa?

SarkinFanka
Wa alaikumus salam. O11 XL kawai, kada ka wahalar da kanka. Don ruwa aka ƙera shi tun farko, lagireto 360 (mai wurin fanka uku masu milimita 120) guda uku yake ɗauka, sama da gefe da ƙasa. PSU, wato na'urar ba da wuta, da wayoyi duk suna ɓoye a ɗakin baya.

Injiniya_B
Malam MaiZane, kafin a kai ga sunan akwati, ɗauki biro mu yi lissafin zafi, don shi zai gaya maka girman abin da kake nema. Kowane 3090 wat 350 ne. Furosesar taka idan ta buɗe wuta tana kaiwa wat 230. Ka ga 930 ke nan, kuma aikin Blender ba irin wasa ba ne da zafi zai hau ya sauka, awoyi zai yi a saman nan. Ƙiyasin da masu wannan harka suka saba yi shi ne, wurin fanka ɗaya mai milimita 120 a jikin lagireto ya ɗauki kamar wat 100, idan ana so fankoki su yi juyi a hankali. Ba doka ba ce, amma tana kusa da gaskiya. To 930 tana neman wurin fanka tara, wato 360 sau uku.

Abin da SarkinFanka ya faɗa daidai ne, O11 XL zai ɗauki wannan, amma cif-cif, babu rarar ko taku ɗaya. Ranar da kati na uku ya shigo, ka koma wat 1,280, kuma babu inda za ka ƙara babban lagireto a ciki. Sai ka fara yanke hukunci a kan kati na ukun nan: da gaske ne ko buri ne?

Dan_Gem99
Ni tambayata daban ce. Wai har yanzu akwai mai saka kati biyu? SLI, tsarin haɗa kati biyu su yi aiki tare a wasa, ai ta mutu. Nvidia ta daina fitar da sababbin saitin SLI tun farkon 2021, kuma 4090 da ya fito a 2022 ko wurin gadar NVLink, mai haɗa kati da kati, babu a jikinsa. Ka sayar da biyun ka ɗauki babba guda ɗaya, ka huta da tiyo da famfo.

Ummu_Hanan
@Dan_Gem99 ƙanena, ka sake karanta abin da ya rubuta, bai ambaci wasa ba. A wasa maganarka gaskiya ce. Amma Cycles, injin fitar da zane na Blender, yana raba aiki tsakanin katuna ba tare da wata SLI ba, kowane kati ya ɗauki rabonsa. Masu gudanar da manyan manhajojin harshe kuma memori suke nema, 24 da 24 sun ba shi gigabait 48 da zai shimfiɗa manhajar a kai. Ko 5090 gigabait 32 gare shi. Don haka kati biyu suna da muhallinsu har gobe, sai dai ba ga kowa ba.

Dan_Gem99
Na ji Yaya. Amma duk da haka wat 700 a kati kawai, abin da yawa.

Baban_Ilham
Ni Enthoo Pro 2 nake amfani da shi da kati biyu, bari in faɗi abin da na gani da idona. Kamfanin ya rubuta yana ɗaukar lagireto 480 biyu da 360 biyu. Wurin yana nan, amma abin da ba ka ganewa sai ka riƙe lagireto a hannu shi ne, na gaba da na gefe suna haɗuwa a kusurwa guda. Idan ka sa mai kauri a gaba, ya ci wurin na gefe. Ni sai da na zaɓi sirara masu milimita 30, sannan bakin da tiyo ke shiga na juya ɗaya sama ɗaya ƙasa kafin su zauna lafiya. Haka kuma yana da wurin PSU na biyu, amma wurin nan shi ne dai na lagireton ƙasa, ɗaya za ka zaɓa.

Abin da ya sa nake son sa, faɗinsa na ciki. Madabod, wato babban allon kwamfuta, mai faɗin nan da ake kira SSI-EEB yana zama daram ba tare da ya rufe ramukan wayoyi ba. Ƙarfensa bai kai na Fractal kauri ba, kuma gabansa yadi ne mai raga, iska na shiga sosai. Idan kyan gani kake so a kan tebur, O11 ya fi shi. Idan wurin aiki kake so, wannan ne.

Tsohon_Makaniki
Yaro, ka kula da abu guda: lagireto ba ya sanyaya komai sai iska ta ratsa shi. Shi ya sa a mota ake kafa shi a gaba, bayan raga, inda iska ke dukansa kai tsaye. Define 7 XL da ka ambata ƙofarsa ta gaba a rufe take da abin tare ƙara, iskar ta 'yan ramukan gefe take shigowa. Don shiru aka yi shi. Ga mai wat 900 da ɗoriya, ɗan'uwansa Meshify 2 XL ya fi, cikinsu iri ɗaya ne, gaban ne kawai raga. Guraben saka kati tara gare su a baya, sun fi O11 XL da Enthoo da ke da takwas-takwas.

Malam_Shiru
Baba, da girmamawa, Define ɗin ana buɗe ƙofar ko a cire ta gaba ɗaya, kuma yana zuwa da murfin sama na biyu mai raga. Ni haka nake yi, lokacin aiki mai nauyi in buɗe, in an gama in rufe.

Tsohon_Makaniki
To idan kullum sai ka buɗe ƙofa kafin injin ya numfasa, me ya hana ka ɗauki marar ƙofar tun farko? Shi wannan bawan Allah aikinsa duka mai nauyi ne.

MaiZane3D
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. @Injiniya_B maganar kati na uku ba ta tabbata ba, amma ba na so in sayi akwati yau, baɗi in sake neman wani. Shi ya sa nake son mai rara.

Yar_Lissafi
Malam, akwatin ba shi ne zai fara hana ka kati na uku ba, madabod ne. Furosesar AM5 irin taka hanyoyin PCIe 28 gare ta, wato layukan da bayanai ke bi zuwa kati da sauran kaya, 4 suna tafiya ga cifset, ɗan guntun da ke kula da sauran guraben madabod, 16 ne na katin hoto, sauran na SSD da makamantansu. Madabod irin ASUS ProArt X670E-Creator yana raba sha shidan nan gida biyu, takwas-takwas, kuma wannan ya wadatar da kati biyu. Na uku sai dai ya zauna a gurbin ƙasa da ke bi ta cifset da hanyoyi huɗu ko ƙasa da haka. Blender ba zai damu sosai ba, don da zarar an loda zanen cikin kati, zirga-zirgar kaɗan ce. Amma idan horar da manhaja za ka yi inda katuna ke musayar bayanai kowane lokaci, za ka ji shi a jikinka.

Mai son kati uku ko huɗu da gaske furosesar Threadripper Pro yake komawa, mai hanyoyi 128. Madabod ɗinsu kuwa, irin WRX80E-SAGE mai gurabe bakwai, girman SSI-EEB ne, wajen milimita 305 a 330. ATX na yau da kullum 305 a 244 ne. Nan ne maganar akwati ke dawowa, domin akwatuna da yawa suna rubuta E-ATX a kwali alhali abin da suke nufi madabod mai faɗin 270 ko 280. Kalmar E-ATX kowane kamfani da yadda yake auna ta. Ka nemi inda aka rubuta SSI-EEB ƙarara, ko a ba ka faɗin da milimita.

SarkinFanka
O11 XL ma yana ɗaukar EEB ai.

Baban_Ilham
Yana ɗauka da ƙarin faranti, amma ka tambayi kanka me zai faru da gefen da madabod ya miƙe ya nufa. Can ne lagireton gefe da tanki suke zama. Kowane santimita da madabod ya ci, daga wurinsu ya cire.

Gwani_PC
Tunda 3090 ne, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne ainihin ciwon da ya kawo MaiZane nan. Wannan katin memorinsa gida biyu ne, rabi a gaban allon, rabi a bayansa. Bulok na ruwa, wato ƙarfen da ake ɗaura wa kati ruwa ya bi ta cikinsa, na yau da kullum gaban kawai yake taɓawa. Na bayan farantin ƙarfe ne kaɗai ke ɗauke musu zafi, kuma da ka cire fankokin katin, iskar da ke ɗan busa su ma ta tafi. Za ka ga cibiyar katin tana digiri 50, memori kuma yana can sama. A 110 yake fara rage gudu da kansa. A 3090 Ti ne aka mayar da memorin duka gaba.

Mafita biyu ce. Ko ka sa farantin baya mai ruwa, ko ka tabbatar akwai fanka da ke busa bayan katunan kai tsaye. Farantin baya mai ruwa yana ƙara kauri, a katin sama yana iya taɓa maƙallan RAM ko murfin SSD, a na ƙasa kuma yana cin tazarar da ke tsakanin katunan. Tazarar gurbi zuwa gurbi milimita 20.32 ce. Idan manyan gurabenka biyu suna da tazarar uku, kana da kamar milimita 61 daga allo zuwa allo, a ciki za ka cusa bulok na sama da farantin bayan na ƙasa da mahaɗan da ke tsakani. Yana shiga, amma sai an auna.

Shi ya sa nake ganin fankokin ƙasa na O11 suna da amfani a nan, suna hura iska sama ta tsakanin katuna.

Injiniya_B
@Gwani_PC iskar da ta riga ta ratsa lagireton ƙasa ce fa, ta ɗumama. Amma na yarda, iska mai ɗumi da ke motsi ta fi wadda ke tsaye.

Wannan ya kawo mu ga wata matsalar lagireto uku a akwati guda. Idan ƙasa da gefe suna shigo da iska, na sama yana fitarwa, to na saman yana shaƙar iskar da biyun suka riga suka ɗumama, aikinsa bai kai na sauran ba. Lissafin da na yi a sama na wurin fanka tara ya ɗauka kowanne yana samun iska mai sanyi. Wasu suna sa duka ukun su shigo da iska, a bar ta ta fita ta baya da ramukan akwatin. Ruwa ya fi sanyi haka, cikin akwatin kuma ya fi zafi. Babu wanda yake kyauta.

Dan_Waje
Ni na bar wannan rigimar tuntuni. Lagireto a waje. MO-RA na kamfanin Watercool na Jamus, mai lamba 420 yana ɗaukar fanka tara masu milimita 140 a fuska ɗaya, daidai da lagireto 420 guda uku ke nan, kuma dukansu iskar ɗaki suke sha, babu mai shan ta wani. Tiyo biyu ne ke fita ta bayan akwati, da mahaɗan da ake ɓallewa ba tare da ruwa ya zuba ba. Da wannan, akwati ya zama wurin ajiye madabod da kati kawai, kowanne ka ga dama ka ɗauka muddin gurabe sun isa. Ka ƙara kati na uku, ba abin da zai canza sai ɗan ƙarin gudun fanka. Nawa yana ƙarƙashin tebur, can nesa da kunnena.

Ummu_Hanan
Shawarar Dan_Waje tana da ƙarfi, amma ba ga mai yara ƙanana a gida ba. Tiyo a ƙasa da fanka tara a buɗe, sai an yi musu shinge. Sannan ɗaukar kwamfutar zuwa wani wuri ya zama kaya biyu.

Dan_Waje
Hajiya ana sayar da ragar kariya ta fankokin. Batun ɗauka kuwa, kaya biyu marasa nauyi sun fi ɗaya da mutum biyu za su ciccibo. Akwatin Corsair 1000D babu komai a cikinsa ya kusa kilo 30. Ki ƙara lagireto huɗu na jan ƙarfe cike da ruwa.

Sabon_Shiga
Ku yi haƙuri in tsoma baki da tawa tambayar. Idan ruwa ya fara bi ta katin farko ya ɗauki zafi, ba zai isa na biyu da zafi ba? Ba sai an sa lagireto tsakanin kowane kati ba?

Yar_Lissafi
@Sabon_Shiga tambaya ce mai kyau, kusan kowa da ita yake farawa. Ruwa yana da juriyar ɗaukar zafi sosai, jul 4,180 ake buƙata kafin kilo ɗaya ya hau digiri ɗaya. Idan famfo yana tura lita 4 a minti, sai an zuba wat 280 kafin ruwan da ke wucewa ya ƙaru da digiri ɗaya. Kati mai wat 350 zai ƙara masa digiri ɗaya da kwata kawai. Duka wat 930 na MaiZane digiri uku da ɗan kai ne daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Don haka jerin bai da wani tasiri, ka bi hanyar da tiyo zai fi gajarta da tsabta. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: tanki ya kasance yana zuba wa famfo kai tsaye, kuma yana samansa, domin famfon D5 da ruwan yake samun santsi, idan ya juya a bushe lalacewa yake yi.

Sabon_Shiga
Na gane sarai. Na gode Malama.

Tsohon_Makaniki
Tunda an shiga wannan, ku gaya wa sababbi maganar ƙarfe. Kada a haɗa alminiyam da jan ƙarfe a layi ɗaya. Ruwa yana haɗa su, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa a hankali har ya huje. Wani ya taɓa kawo min tasa in duba, ya sayi lagireto a intanet wurin wani mai sayarwa da ya rubuta jan ƙarfe ne. Da na kwance bulok ɗin, siraran tsagogin ciki sun cushe da wani farin gari mai kama da alli, ruwan ya koma toka-toka. Na kankare bakin lagireton kaɗan, sai ga fari yana ƙyalli. Lagireton jan ƙarfe nauyi gare shi, ka ɗaga ka ji. Jan ƙarfe da farin nikel da tagulla suna zama tare. Kuma tataccen ruwa ake sawa da maganin hana tsatsa da gansakuka, ba ruwan famfo ba.

Dan_Gem99
Amma Baba, masu sanyaya na rufe da ake sayarwa a haɗe ai jan ƙarfe ne da lagireton alminiyam.

Tsohon_Makaniki
Haka ne, yawancinsu. Ruwan cikinsu an cika shi da maganin da ke rage cin, an rufe, kuma an san shekarunsa ƙidayayyu ne. Kai da za ka riƙa buɗewa kana sauya ruwa, kada ka kwaikwaye su.

MaiZane3D
Ina biye da ku duka. Mu ɗan dawo kan akwatin. Na duba hotuna, na ga da yawa suna tsayar da kati a tsaye yana fuskantar gilashi. Da kati biyu hakan zai yiwu?

Gwani_PC
Ka cire wannan daga ranka. Maƙalin tsayarwa a yawancin akwatuna yana cinye guraben baya ne, ko katin ya tsaya a gaban sauran gurabe ya tare su. Ga kuma igiyar PCIe da ke ƙara wata kafar matsala. Sannan idan kana da niyyar sa gadar NVLink, dole katunan su kwanta a jere da tazarar da ta yi daidai da gadar. Wadda Nvidia ta fitar da sunan GeForce don 3090 ta tazarar gurabe huɗu ce. Masu tazarar uku ko biyu na RTX A6000 suke nema. Ka ƙirga gurabenka kafin ka nemi gada.

Abin da ya kamata ka auna a maimakon haka shi ne faɗi, daga madabod zuwa gilashi. Mutane tsawon kati suke dubawa, alhali da bulok kati gajarta yake yi. Faɗin ne ke ƙaruwa, domin bakin da ruwa ke shiga yana zaune a gefen katin da ke kallon gilashi, ga wayoyin wuta su ma ta nan suke fitowa. O11 Dynamic na farko da ya fito a 2018 milimita 155 ya ba mai sanyaya furosesa, XL kuma 167. Wannan lambar ita ce ke nuna maka kusan iyakar faɗin da kati zai samu. Katunan da allonsu ya fi na asali faɗi, da bulok a kai, sukan dungure gilashi a ƙaramin. Wane irin 3090 ne naka?

MaiZane3D
Ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya mai bakin wuta biyu ne, ɗayan mai uku, kuma mai ukun ya fi faɗi.

Gwani_PC
To ka ga wani aikin. Bulok daban-daban za ka nema, kowanne na allonsa, kuma bakunan ruwansu ba za su daidaita a layi ɗaya ba. Mahaɗin ƙarfe miƙaƙƙe da ake sawa tsakanin tagwayen katuna ba zai yi maka ba, sai tiyo mai lanƙwasa ko mahaɗai masu gwiwa, su kuma wuri suke ci ta wajen gilashi. Ita ma gadar NVLink tana iya ƙin zama idan tsayin allunan ya bambanta. Kafin ka sayi akwati, ka tabbatar bulok na kowane katin yana samuwa, don katin 2020 ne, kamfanoni da yawa sun daina ƙera masa.

Baban_Ilham
Wannan maganar ta ƙara min ƙarfin gwiwa a kan babban akwati. Kuma Malam ka yi amfani da tiyo mai laushi, baƙin roba na EPDM. Bututu mai tauri yana da kyau a hoto, amma injin aiki ne wannan, za ka cire kati ka mayar. Mai taurin na robar PETG kuma yana laushi idan ruwa ya yi zafi sosai, ya zame daga mahaɗi. Da wat 900 a layi, ranar da famfo ko fanka suka tsaya ba ka kusa, ba ka son wannan.

Malam_Shiru
Ba wanda ya yi maganar PSU. Wat 930 ban da famfo da fankoki da sauran kaya, kuma 3090 an san shi da fizgar wuta na ɗan ƙiftawar ido sama da abin da aka rubuta. Ni ba zan sa ƙasa da wat 1,300 ba, 1,600 ya fi kwanciyar hankali. Irin waɗannan tsawonsu yana kaiwa santimita 20 ko fiye, ga tarin wayoyi, tunda kowane bakin wuta mai fil takwas wat 150 aka ƙayyade masa kuma ya fi kyau kowanne ya samu wayarsa daga PSU. Kati biyunka waya biyar ke nan. A duba wurin PSU a littafin akwatin da wurin da wayoyin za su lanƙwasa.

Ummu_Hanan
Akwai hanyar rage wa kai nauyi da nake bi. Ina rage iyakar wutar kowane kati zuwa wajen wat 280 da umarnin nvidia-smi. A aikina na Blender ragin gudun kaɗan ne, ban cika lura da shi ba, amma wat 140 sun fita daga lissafin kati biyu. Da haka 360 uku sun samu rarar da Injiniya yake cewa babu. Kuma a tuna, ruwa ba ya ɓatar da zafi, kwashe shi yake daga kati ya zuba a ɗaki. Idan ɗakin a rufe yake, iskar ta hau, ruwan ma ya bi ta. Lagireto ba zai taɓa sanyaya ruwa ƙasa da zafin iskar da yake shaƙa ba.

Injiniya_B
Hajiya ta faɗi gaskiya a duka biyun. Abin da ake dubawa shi ne bambancin zafin ruwa da na ɗaki, idan yana wajen digiri 10 lokacin aiki, layin lafiya lau yake. Shi ya sa nake cewa a sa na'urar auna zafin ruwa, fankoki su bi ta, ba zafin furosesa ba. 7950X an tsara shi ya riƙa hawa har 95 a aiki mai nauyi, idan fankoki suna bin sa, ihun da ka gudo daga gare shi zai dawo.

Amma ban yarda a sayi akwati bisa lissafin rage wuta ba. Rage wutar zaɓi ne, rarar lagireto kuma ba a ƙirƙiro ta bayan an gama haɗawa.

SarkinFanka
To ai akwai O11 Dynamic EVO XL, yana ɗaukar 420 guda uku. Fanka tara masu 140 sun fi tara masu 120 fili da sama da kashi ɗaya cikin uku. Ga rara, ga tsarin ɗaki biyu. Ban ga dalilin barin wannan gidan ba.

Yar_Lissafi
Lissafin filin daidai ne, 140 sau 140 a kan 120 sau 120 ya ba da ƙarin kashi 36 cikin ɗari. Sai dai a duba kaurin na ƙasa. Lagireto 30 da fanka 25 sun ci milimita 55 daga ƙasan akwati, mai 45 kuma 70. Da kati biyu babu damuwa. Kati na uku a gurbin ƙarshe shi zai yi karo da su, tare da wayoyin USB da na maɓallin kunnawa da ke gindin madabod.

Tsohon_Makaniki
Ko wanne ka ɗauka, ka nemi inda za ka sa bakin zubar da ruwa a wuri mafi ƙasa, da inda za ka cika daga sama ba tare da ka kwance lagireto ba. Lagireton da ke kwance a ƙasan akwati shi ke riƙe ruwa, sai an karkata akwatin kafin ya fita. Kuma kafin ɗigon ruwa ya shiga, a gwada layin da iska, a hura matsin iska kamar rabin bar, a zuba wa allurar ma'aunin ido na ɗan lokaci. Idan ta sauka akwai yoyo, ka neme shi kayanka a bushe.

MaiZane3D
Na sa tef na auna. Tazarar manyan gurabena uku ce, mai faɗin katin kuma shi ne a sama yanzu. Na cire Define daga lissafi saboda maganar Baba, na sa Meshify 2 XL a madadinsa. Zuciyata tana tsakanin sa da Enthoo Pro 2, kodayake maganar Dan_Waje ta tsaya min a rai, don ita ce kaɗai ba ta damu da kati na uku ba. @Dan_Waje famfo ɗaya ya ishe ka da tiyo mai tsawo haka?

Dan_Waje
D5 ɗaya yana turawa, amma ni biyu na sa a jere a jikin lagireton. Tsawon tiyo ba shi ke rage gudu sosai ba, bulok uku da mahaɗan ɓallewa su ne ke matse ruwa. Na biyun kuma tsaro ne, idan ɗaya ya tsaya cikin dare ana tsakiyar aiki, ɗayan ya riƙe. Ka duba ko akwatin da za ka ɗauka yana da ramin fitar da tiyo a baya, idan babu, akwai farantin da ake sawa a gurbin PCIe mai baki biyu, sai dai zai cinye maka gurbi ɗaya.

Baban_Ilham
Idan haka ne gurabe tara na Meshify sun fi takwas na nawa amfani. Amma ni har yanzu da lagireto a ciki zan fara, 480 a gaba da 360 a sama, in rage wutar katunan kamar yadda Hajiya ta ce, in bar farantin fitar tiyo a shirye. @Gwani_PC wanne ya kamata ya zauna a sama cikin katunan nasa, mai faɗin ko ɗayan?

Gwani_PC
Ya danganta da farantin baya. Wanda aka samo wa faranti mai ruwa ya koma ƙasa, inda ba zai taɓa RAM ba. Na saman a bar shi da farantin ƙarfe, a sauya masa fad masu kyau, wato 'yan shimfiɗun da ke kai zafin memori ga farantin, a kafa ƙaramar fanka tana busa bayansa. MaiZane, turo mana hoton gefen katunan biyu da tef a jikinsu, daga bakin gurbi zuwa ƙarshen allo, mu ga milimita nawa ne bambancin.